Kwana Arba'in na Sakatare

Sakataren ƙungiyarmu ya cire ni daga aikin wankan gawa da takarda mai shafi huɗu, kuma bai gaya mini ba. Ban sani ba sai bayan shekara biyu da wani abu, bayan an binne abokina a Doha ina tsaye a ƙofar filin ƙwallo ina leƙa jakunkunan mutane. Abin da aka yi mini ke nan. Sauran duk bayanin yadda aka yi shi ne.

Ni ba mai karatu ba ne. A aji uku na sakandare na tsaya. Hausa ina karanta ta sarai, Turanci kuwa sai na ɗora yatsa ina bi, kuma kafin in kai ƙarshen layi na manta farkonsa. Amma kafin in zo ƙasar nan na yi shekara tara ina masinja a majalisar dokokin jiharmu, kuma wanda ya yi shekara tara yana ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan ya san wasu abubuwa ko bai so ba.

Na san doka iri biyu ce. Akwai babba, wadda 'yan majalisa suke yi wa karatu na ɗaya da na biyu da na uku, a yi ta hayaniya har 'yan jarida su samu abin rubutawa. Akwai kuma ƙanana, waɗanda babbar dokar take ba kwamishina izinin ya rubuta a ofishinsa, kamar ƙa'idar yanka a mayanka ko ta ajiye mota a tasha. Su ma sai sun zo majalisa. Wasunsu sai an tashi an ce masu goyon baya su ce e, sannan su zama doka. Wasu kuwa ajiye su kawai ake yi a kan teburin da ke tsakiyar zaure, kusa da sandar majalisa. In kwanakin da aka ɗiba suka cika babu ɗan majalisar da ya miƙe ya ce bai yarda ba, shi ke nan, ta zauna. Da hannuna nake ɗora su a teburin nan. Mafi yawansu ba wanda yake ko ɗaga bangonsu.

Akwai wani tsohon akawu a ofishin da ake lissafin kwanakin. Yana da kalanda a bango, kullum da safe sai ya ɗauki jan biro ya soke rana ɗaya. Na lura in majalisa ta tafi hutu ba ya sokewa, sai kalandar ta yi wata guda fara tas. Wata rana na tambaye shi ko mantawa ya yi.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Kai masinja, zaure a kulle, wa zai tashi ya ce bai yarda ba? Kujeru?”

Ban ƙara tambaya ba. Na kuma san akwai wani ƙaramin kwamiti na tsara ayyuka, shi yake cewa wannan takarda ta kwamitin lafiya ce, waccan ta kwamitin noma. Mutane ba sa kula da shi, alhali inda aka tura takarda shi ne rabin hukuncinta. Ni nake kai ta, na san waɗanda ake turawa don a yi aiki da waɗanda ake turawa don su kwanta.

Da na zo Doha sai na shiga aikin gadi. Muna da ƙungiya ta 'yan Arewa, reshe ce ta wata uwar ƙungiya da ke can gida. Kundin tsarin daga gida ya zo, amma an ba kowane reshe izinin ya yi ƙananan dokokinsa a kan abin da ya shafi inda yake zaune, wato karɓar baƙo, taron Sallah, rashin lafiya da mutuwa. Muna haɗuwa Juma'ar farkon wata bayan la'asar a Al Sadd, a falon shugabanmu, wani dattijo direban gida da ya fi kowa daɗewa a ƙasar. A cire takalma a ƙofa, a zauna a kan kafet, a zagaya da shayi. A lokacin duk direbobi ne da masu gadi. Dokarmu a baki take. In an ce an yarda, an yarda.

Wankan gawa gadon gidanmu ne, ba a Doha na koya ba. Mutuwar farko da aka yi mana a nan, wani mai gadi ne ya faɗi a bakin aiki, kowa ya tsaya yana kallon kowa, sai na ce ni zan je. Daga nan ya zama nawa. Aka sa wa abin suna kwamitin jana'iza, mu uku, biyun suka gama kwangila suka koma gida, ya rage ni kaɗai da sunan kwamiti. Aikin ba wankan kawai ba ne. Sai ka je asibiti, ka nemi mandub, wato mutumin da kamfani ya ajiye don zirga-zirgar takardu, ka bi sa hannun kafil, wato uban gidan da ya ɗauko mamacin aiki, ka kira iyalan mamaci a gida ka tambaye su a binne a nan ko a turo musu. Sannan ranar sutura, a ɗakin wankan da ke maƙabarta, ma'aikatan wurin suna barin mutum ɗaya ko biyu daga mutanen mamaci su shiga. Ni nake shiga. Ina da wata baƙar jaka da ba na saka komai a cikinta sai safar hannu, garin magarya, kafur, auduga da almakashi. Shekara goma sha ɗaya ina wannan. Ba a biyana, ban kuma nema ba.

Abokin nan nawa direban bas ne, Babarbare, ya girme ni da 'yan shekaru. Mun yi shekara huɗu a ɗaki ɗaya a Al Rayyan, gadonsa a ƙasa nawa a sama. Da ya ji uwata Bafulatana ce, shi ke nan na shiga uku, bai ƙara kirana da sunana ba.

“Bawana, ɗora mana ruwan shayi.”

“Ka tashi ka ɗora. Kakanka ma kakana ne ya saye shi da ƙwaryar nono.”

“Ƙwaryar ma ta sata ce.”

Haka muke yini in an yi hutu tare. Mutum ne mai tsafta har ta yi yawa, yana goge yunifom ɗinsa ko ba zai fita ba. Abu ɗaya na lura da shi, ba ya cire riga a gaban kowa. A zafin garin nan, lokacin da na'urar sanyaya ɗaki ta lalace muna zaune daga mu sai gajeren wando, shi yana cikin riga mai dogon hannu. Da kayansa yake shiga banɗaki, da kayansa yake fitowa. Wata Juma'a da hantsi na dawo ɗaki ɗaukar katina da na manta, na tura ƙofa ban yi sallama ba, na same shi yana sauya riga. Na ga abin da na gani. Akwai abu a jikinsa da yake jin kunyarsa, ya samo shi a wata rayuwa da ya yi tun kafin ya yi aure, ya tuba ya bar ta. Ba zan rubuta ko mene ne ba.

Bai yi sauri ya rufe ba. Ya saka rigar a hankali, ya ɓalla maɓallai har wuya, sannan ya ce, “Ka gani ko?”

Na ce, “Ban ga komai ba.”

“Ka gani. To ka ji, in na riga ka, kai za ka wanke ni. Baƙin da ke aiki a wurin ba su dame ni ba, ba su san ni ba, ba su san gidanmu ba. Amma ɗan ƙasarmu ko ɗaya kada ka bari ya shiga. 'Ya'yana ba su sani ba.”

Na ce to. Ya ce in ce wallahi. Na ce wallahi. Ya ce, “Madalla, bawa ya yi amfani yau,” ya ɗauki dutsen guga ya ci gaba da abin da yake yi. Ba mu sake tayar da maganar ba.

Sakataren ya zo ne da guguwar ɗaliban da suka fara zuwa karatu daga gida. Digiri na uku ya zo yi a fannin shari'a, mutum mai kamar shekara talatin da biyar, mai fara'a, kullum da turare. Baba yake ce mini, in zai gaishe ni har ya ɗan rusuna. A gida ya yi aiki da wani ɗan majalisa a wata jiha, ba tamu ba. Da aka ba shi sakatare ya gyara abubuwa da dama, wannan gaskiya ce. Ya fara rubuta abin da aka tattauna, ya yi rajistar mambobi, ya sama mana takarda mai hatimi. Kafin zuwansa in aka yi gardama a kan abin da aka ce watan jiya, wanda ya fi murya shi ne mai gaskiya.

Ana saura 'yan watanni korona ta shigo ya kawo wani tsari. Ya ce zaman wata-wata ba ya isa a tattauna kowane ƙaramin abu. Saboda haka manyan dokoki sai an ɗaga hannu, ƙanana kuwa shugabanni su rubuta su gabatar wa zaure, in kwana arba'in ya cika ba wanda ya ƙi, sun zauna. Sannan a kafa kwamitin tsare-tsare na mutum uku, shugaba da sakatare da wani ɗalibi, su riƙa cewa wane kwamiti ne zai ɗauki wane aiki. Direbobi suka fara gunaguni, wani ya ce mu da muka zo shan shayi me ya haɗa mu da wannan. Ni na miƙe na kare shi. Na ce haka ake yi a majalisa, da idona na gani, da hannuna na ɗauka. Daɗi na ji a ranar, an zo wurin da na fi su sani. Na ɗaga hannu kafin kowa. Ban tambayi batun ranakun hutu ba, don a ganina ko kujerun majalisa sun san wannan.

Sai korona ta zo. Aka hana taro, falon shugaba ya rufe. Ni kamfani ya mayar da ni gadin wani gini da ake killace masu cutar, awa goma sha biyu a tsaye da takunkumi, waya a cikin loka. In na tashi na buɗe guruf ɗin ƙungiya sai in tarar da saƙo ɗari biyu, ɗari uku. Addu'o'i, maganin tafarnuwa da lemon tsami, muryar wani malami, hoton wani da aka ce ya rasu daga baya ya fito ya ce yana nan. Ina share su da babban yatsa in kwanta. A tsakiyar wannan tarkacen Sakatare ya saka takardarsa, da Turanci, shafi huɗu. Daga baya na ga inda ta faɗa, tsakanin bidiyon yadda ake surace da wata ta'aziyya. A ƙarƙashinta ya rubuta layi ɗaya da Hausa, wai ga wasu ƙananan gyare-gyare an gabatar wa zaure. Mutum biyu suka saka hoton babban yatsa. Sakatare ya ƙirga kwana arba'in.

Abin da takardar ta ce, an rushe kwamitin jana'iza an zuba shi cikin wani sabo, kwamitin walwala da hulɗa da hukumomi. Duk wanda zai shiga sabon sai ya iya karanta Turanci da Larabci da rubuta su, saboda takardu sun koma ta intanet. Labarin mutuwa Sakatare za a fara kai wa, tsare-tsare su tura wa walwala. Kuma 'yan kwamiti kaɗai ne za su wakilci ƙungiya a asibiti da ɗakin wanka. Babu sunana a ciki ko sau ɗaya. Ba a ce an cire ni ba. An dai gina ƙofar yadda ba zan shige ta ba.

Ban ji komai a jikina ba, saboda a lokacin cutar ba a barin kowa kusa da gawa, hukuma ce take yin komai. Wayata ta daina ƙara, na ɗauka dalilin ke nan. Bayan an buɗe gari kuma Allah ya tsare mu, aka daɗe ba mu yi rashi ba, sai mutum ɗaya da kamfaninsa ya tura gida kai tsaye. Taro ya dawo, amma shirin gasar cin kofin duniya ya cinye mana Juma'o'i, sau uku ko huɗu na samu zuwa. Sakatare ya karanta bayanin zaman baya da Turanci da sauri, ya ce an amince? A ce an amince, a miƙa kofin shayi. Baƙar jakata tana ƙarƙashin gado, lokaci-lokaci ina fito da ita in duba ko kafur ya tsere.

Da gasar ta zo aka kai ni filin wasa na Al Rayyan, ƙofar shigar 'yan kallo. Abokina kuma aka kwashe su zuwa wani masauki na direbobi, suna jigilar masu kallo daga tashar jirgin ƙasa. Sai mu yi sati ba mu haɗu ba. Saƙonsa na ƙarshe murya ce, yana cewa ya ɗauko wasu mutane masu fenti a fuska suna ta buga ganga a bas, in zo in ga dangin uwata.

Wata safiya ya ajiye bas a gareji, ya sauko, ya zauna a bakin taya, bai tashi ba. Zuciya ce, in ji likita. Mandub ɗin kamfaninsu ya duba takardar ƙungiya mai hatimi, lambar da ke jiki ta Sakatare ce, ya kira shi. Ni a guruf na gani da yamma bayan na karɓi wayata.

Na kira Sakatare nan take.

“Baba, Allah ya ba mu haƙuri. Na san yadda kuke.”

“Amin. Yana wane asibiti? Gobe da safe zan je.”

“Kada ka wahalar da kanka, Baba, muna kan takardun. Za mu sanar da kai.”

Na ji daɗi ma da ya ce haka, don samun fita a kwanakin nan sai da roƙo. Na ce masa, “To ku yi takardu. Amma wanka ni zan shiga, ni kaɗai. Akwai wasiyya.”

Ya ce, “In sha Allahu zan gabatar wa kwamiti.”

Ban tsaya a kan kalmar ba. A kaina ni ne kwamitin. Na gaya masa ranar wasa ana karɓe mana waya, na ba shi lambar sufabaizanmu, na ce ko ana tsakiyar wasa ya kira, za a fito da ni. Ya ce ya rubuta. Na samu wani abokin aikina ɗan Ghana, Bahaushen zango, muka yi da shi zai tsaya a ƙofata. Kwana biyu ina zuwa aiki da baƙar jaka, ina cusa ta a loka tare da waya.

Rana ta uku akwai wasa. Tun hantsi muke tsaye, mutane suna kwarara, buɗe jaka, rufe jaka, yalla, wuce. Sufabaiza ya wuce ta gabana ya fi sau goma, kowane wucewa ina kallon bakinsa. Da aka ba mu hutun la'asar na buɗe loka. Sanarwar jana'iza an saka ta a guruf awa ɗaya kafin azahar. A ƙasanta hoton kabari, an yayyafa masa ruwa, da jerin Allah ya jiƙansa. A ƙasan wannan kuma Sakatare yana gode wa kwamitin walwala, musamman mutum biyu da suka wakilci ƙungiya a wajen sutura. Na yi sallar la'asar, na mayar da waya, na koma ƙofa. Akwai sauran awa biyar a dutina.

In faɗi gaskiya, takardun da nake yin kwana biyar ina bi su sun gama a kwana biyu. Wannan ban taɓa musu ba.

Washegari na je maƙabarta na nemi lambar kabarin, na yi masa addu'a. Ban yi kuka ba, ba na yi.

Ba a yi sati ba, ina zaune a wani shagon karak, shayin madaran garin nan, a Al Mirqab inda direbobinmu suke taruwa, sai wani ya matso da kujerarsa ya rage murya.

“Malam, kai da kuka zauna ɗaki ɗaya, ashe marigayi...”

Na ce, “Sha shayinka.”

“A'a, ni ma ji na yi. Ɗaya daga cikin yaran da suka shiga ne ya ce...”

“Na ce ka sha shayinka.”

Ya ja kujerarsa baya. Amma na ga fuskokin sauran, duk sun riga sun ji. Wanda ya shiga ɗin ban ce mugu ba ne. Bai taɓa wanke gawa ba, ba wanda ya gaya masa cewa abin da ido ya gani a ɗakin nan a ɗakin yake zama. Ya gani, ya firgita, ya gaya wa abokin ɗakinsa. Bayan kwana goma ƙanin matar marigayin ya kira ni daga gida, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce wata magana ce take yawo har ta kai kunnen babban ɗansa, shin gaskiya ce? Na ce masa ni ban wanke shi ba, ban san abin da ake faɗa ba. Ya yi godiya. Daga muryarsa na san bai yarda ba.

Sai a lokacin na tambayi wani direba dalilin da ya sa ba a kira ni ba. Ya ce, “Ai an ce ba ka cikin kwamiti. Tun korona.” Na ba ɗan Ghanan nan wayata a lokacin cin abinci, ya yi ta ja da baya har ya tono takardar. Ya karanta mini ita yana fassarawa, cokali a ɗaya hannun. Na ce ya duba mini ranar da aka saka ta. Ya faɗa. Na lissafa da yatsu. An saka ta bayan an rufe falon shugaba da kusan wata biyu, kuma ba a sake zama a falon ba sai bayan fiye da shekara. Duk kwana arba'in ɗin, babu rana ɗaya da zaure ya zauna.

Bayan an gama gasa, baƙi sun watse, na je taron farkon wata. Na ɗaga hannu. Shugaba ya ce, “Malam, ka yi haƙuri, a tsarin yanzu ƙorafi sai a rubuce.” Na san za a ce haka, na zo da shi a rubuce, da Hausa, a takardar da na yage daga littafin duti. Sakatare ya karɓa da hannu biyu, ya ce an karɓa, za a miƙa wa tsare-tsare su ga kwamitin da ya dace. Na jira wata guda. A zama na gaba ya karanta cewa tsare-tsare sun duba ƙorafin Baba, sun ga magana ce ta fassarar doka, don haka sun tura wa kwamitin dokoki. Wani ya tambaya wa ke shugabantar kwamitin dokoki. Sakatare ya ce shi ne, na riƙon ƙwarya.

Wani direban tanka daga bayan falo ya ce, “To, Sakatare ya karɓa ya ba Sakatare, Sakatare ya tura wa Sakatare. Allah ya sa Sakatare ya samu lokaci.”

Aka yi dariya, har da shugaba. Ni ban yi ba. Na ɗauki irin wannan fayil ɗin da hannuna shekara tara, na san inda ake kai shi.

Da aka shafa fatiha na riga kowa fita, na tsaya a wajen takalma. Ya fito da jakar kwamfutarsa a kafaɗa, ya gan ni, ya rusuna.

“Baba, wallahi abin nan yana damuna. Ba don kai aka yi ba, tsari ne. An gabatar, kwana arba'in ba wanda ya ce uffan. Ranar nan ma na gabatar da maganarka, kwamiti suka ce doka ba ta ba da dama ba, ni kuma ba zan karya abin da na rubuta ba. Amma na yi tunani, akwai hanyar da za mu saka ka a matsayin mai ba da shawara.”

Mutane suna ta neman takalmansu a gefenmu, wasu suka rage sauri. Ban ɗaga murya ba.

Na ce, “Ka yi aiki a majalisa, ni ma na yi. Kai da kwat, ni da fayil a ka. A inda ka kwaso tsarin nan, ana ƙirga ranar da zaure yake kulle?”

Ya gyara igiyar jakarsa.

Na ce, “Ba a ƙirgawa. Ka sani, tun ranar da ka saka takardar ka sani. Ka dai duba mu ka ga direbobi da masu gadi, ka ce ba wanda zai lura. Kwana arba'in ɗinka ko ɗaya bai fara ba, ni ne kwamitin jana'iza har yau, kuma ni ne ranar da ka tura yara biyu su kalli tsiraicin dattijo. Na ce maka akwai wasiyya. Na ba ka lamba, ka ce ka rubuta. Ba doka ce ta hana ka kira ba, kai ne ba ka kira ba. Yanzu ɗansa ya san abin da uban ya yi shekara talatin yana rufewa da riga a cikin zafin nan. Ka riƙe shawararka, ba na so. Jakata tana nan a ƙarƙashin gado. Duk wanda ya mutu a cikinmu zan je ƙofar ɗakin wanka in tsaya, ka zo da takardarka mai shafi huɗu ka karanta mini a can, da Hausa, a gaban gawar.”